Ta ce a shirye take: lamarin wata mace a Isfahan da awon shirin rage ƙiba

## Asalin matsalar

Shekarunta 44, malamar firamare ce a birnin Isfahan da ke tsakiyar Iran, tana da miji da 'ya'ya biyu. Farisanci ne harshenta, da shi ta yi karatu har jami'a. Ƙiba ta kama ta bayan haihuwa ta biyu, ba ta kuma sake ta ba. Sau uku tana shiga tsarin rage cin abinci, wanda Iraniyawa ke kira rejim. Kowane karo sai ta zubar da kilo uku zuwa biyar, kafin wata shida nauyin ya dawo har da riba.

Irinta suna da yawa a ƙasar. Binciken lafiya na ƙasa mai suna STEPS da aka yi a 2016 ya nuna kusan shida cikin kowane manya goma nauyinsu ya wuce kima, fiye da ɗaya cikin biyar kuma suna da ƙiba sosai, mata ne kan gaba.

Kowace Juma'a, ranar hutu a Iran, dangin mijinta kan taru a gidan surukarta cin abincin rana. A shimfiɗa sufra, wato shimfiɗar da ake cin abinci a kanta, a jera shinkafa da miya, a kawo ƙanzon shinkafa da suke kira tahdig, wanda shi ne abin marmari, kuma wanda uwar gida ke ƙauna shi take sa wa babban yanki. Bayan abinci shayi, da pulaki, wata alewa siririya ta Isfahan da ake tsotsa ana kurɓar shayin. Duk wannan yana tafiya ne a kan al'adar da ake kira ta'arof: mai gida ya yi tayi, baƙo ya ƙi don ladabi, mai gida ya nace, baƙo ya karɓa. "A'a" ta farko da ta biyu ba a ɗaukarsu da gaske. Wanda ya san kara da alkunya a ƙasar Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba.

## Oktoba 2023: awo na farko

Ciwon gwiwa ne ya kai ta asibiti. Likita ya duba ta, ya tura ta gwajin jini. Tsayinta mita 1.60, nauyinta kilo 87, wato ma'aunin BMI, mai kwatanta nauyi da tsayi, ya kai 34, kuma daga 30 ake kiran abin ƙiba. Zagayen ƙugunta santimita 104, alhali kwamitin ƙasa kan ƙiba na Iran ya sa 95 a matsayin iyakar babban haɗari ga maza da mata tun 2010. Sugan jininta kafin karin kumallo 112, kuma tsakanin 100 da 125 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, ya ba da 6.0. Ba ta da hawan jini. Likita ya haɗa ta da jami'ar abinci ta asibitin.

A wannan asibiti ana auna shirin mutum kafin a ɗora shi kan tsari. Dabarar ta samo asali daga aikin James Prochaska da Carlo DiClemente na Amurka, waɗanda a farkon shekarun 1980 suka bi diddigin masu ƙoƙarin daina shan taba, suka ce canjin ɗabi'a hawa-hawa ne. Akwai wanda abin bai zo masa a rai ba nan da wata shida. Akwai mai tunaninsa. Akwai mai shirin farawa cikin kwana 30. Akwai wanda ya fara amma bai cika wata shida ba, sai kuma wanda ya wuce wata shida yana riƙe da sabuwar ɗabi'ar. Daga baya aka kawo matakan nan biyar fagen rage ƙiba, har masu bincike a Jami'ar Barcelona suka tsara takarda mai jimloli biyar da ake kira S-Weight, mutum ya zaɓi ɗaya da ta yi daidai da shi.

Irin wannan tambayar jami'ar abinci ta yi mata. Ta karanta mata jimlolin da baki, suna fuskantar juna, mijinta yana zaune a gefe, layi ya yi tsawo a waje. Matar ta zaɓi mataki na uku, cewa za ta fara cikin kwana 30. Aka sake tambayarta, daga sifili zuwa goma, nawa za ta ba shirinta? Ta ce tara.

Aka rubuta "a shirye take" a katinta. Aka ba ta takardar abinci ta kalori 1,300 a rana, an ƙayyade burodi da faɗin tafin hannu, shinkafa da cokali, kamar yadda jami'an abinci na Iran suka saba lissafi. Aka ce ta riƙa zuwa hawa sikeli duk mako biyu.

## Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: abin da bai yi ba

Makonni biyar na farko sun yi kyau a kan sikeli. Ta sauko zuwa kilo 84. Amma tukunya biyu take ɗorawa kullum, ta iyali da tata. Juma'a biyu a jere ta kawo uzuri ba ta je gidan surukarta ba. A ta uku tsohuwar ta bugo wa ɗanta waya tana tambaya ko wani laifi ta yi wa matarsa. Matar ta je, ta ci duk abin da aka zuba mata, da ƙari.

Ranar 21 ga Disamba aka yi daren Yalda, dare mafi tsawo a shekara, wanda Iraniyawa ke raya shi a gidan manya da rumman da kankana da 'ya'yan itace busassu da kayan zaƙi. Daga nan ba ta sake komawa kan takardar ba. Tafiyar safe da aka sa ta ita ma ta tsaya, don a hunturu iskar Isfahan kan gurɓace har a rufe makarantu wasu ranakun, ga gwiwa na damunta.

Asibiti ya aika mata saƙon tunatarwa ta waya sau biyu. Ba ta amsa ba. Daga baya ta ce kunya ce ta hana ta, ba ta son ta hau sikeli a gaban wadda ta wahala a kanta.

## Fabrairu 2024: awo na biyu

Ta dawo ne saboda lokacin maimaita gwajin jini ya yi. Nauyinta kilo 87.5. Jami'ar abinci ta sake karanta mata jimloli biyar ɗin nan, ta sake zaɓar mataki na uku. Daga sifili zuwa goma, ta sake cewa tara. Amsa ɗaya sak kafin faɗuwa da bayanta. Wannan ne ya sa jami'ar ta ajiye sabuwar takardar abincin da ta riga ta shirya, ta tura ta wurin masaniyar halayyar ɗan Adam da ke zuwa asibitin sau ɗaya a mako.

Masaniyar ta ɗauko wata takarda daban mai suna WEL, wadda Matthew Clark da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1991. Ba ta tambayar ko mutum yana son ramewa. Jimloli 20 ne, kowacce tana kwatanta wani hali, mutum ya faɗi yadda ya amince da kansa cewa zai iya kame baki a wannan halin, daga sifili zuwa tara. An kasa jimlolin gida biyar, huɗu-huɗu: lokacin ɓacin rai, lokacin da abinci ke ajiye a gaban mutum, lokacin matsin mutane, lokacin rashin jin daɗin jiki kamar gajiya ko ciwon kai, da lokacin nishaɗi kamar kallon talabijin. Kowane gida makinsa na sama 36 ne, jimla 180.

Takardar da aka ba ta ta Farisanci ce, daga cikin waɗanda masu bincike a jami'o'in Iran suka fassara suka gwada. Aikin ba ƙarami ba ne. Mutum biyu kan fassara daga Ingilishi kowa shi kaɗai, a haɗa fassarorin, a ba wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Ingilishi don a ga inda ma'ana ta zame. Sai ƙwararru su duba kowace jimla ko ta zama dole kuma a fili take. A gwada a kan mutane kaɗan ana tambayarsu abin da suka fahimta, sannan a kan ɗaruruwa. A lissafa ko jimlolin gida ɗaya suna tafiya tare, inda aka saba neman ma'aunin alfa na Cronbach ya kai 0.7, a kuma sake ba wasunsu takardar bayan kamar mako biyu a ga ko amsa za ta tsaya. Kuma wadda aka gwada a Tehran ba lallai ta yi wa mai jin Dari a Afganistan daidai ba, balle Batajike mai rubutu da harufan Rashanci, duk da harshen tushensa ɗaya.

Yadda aka ba ta takardar ma ya bambanta da na farko. Ita kaɗai a ɗaki, da biro a hannunta. An gaya mata babu amsar da ta fi wata, kuma makin ba shi ne zai sa a karɓe ta ko a ƙi ta ba.

Ta samu 91 cikin 180. A gidan nishaɗi 28, a na rashin jin daɗin jiki 27, a na ganin abinci a gaba 17, a na ɓacin rai 12. A gidan matsin mutane ta samu 7. Jimlolin wannan gida suna tambaya ne ko za ta iya kame baki idan sai ta ce wa wani a'a, idan ƙin karɓar ƙari zai zama rashin ladabi, idan ana matsa mata, da kuma idan tana ganin wani zai ji haushi don ba ta ci ba. A biyu daga cikinsu sifili ta zagaye.

Masaniyar ta kuma raba tambayar sifili zuwa goma gida biyu. Yaya muhimmancin rage nauyi a wurinta? Tara. Yaya take ganin za ta iya? Uku. Aka ba ta takardar PHQ-9 ta auna damuwa, ta samu 8, wato damuwa mara tsanani. Hira ta nuna ba ta da lalurar cin abinci fiye da kima a zama ɗaya ba tare da iya tsayawa ba.

Sai hira ta biyo baya, irin wadda William Miller ya assasa a 1983, wadda ake janyo dalilin canji daga bakin mai matsalar da kansa. Masaniyar ba ta tambaye ta me ya hana ta kai goma ba. Ta tambaye ta me ya sa ta ce uku, ba ta ce ɗaya ba. Matar ta yi shiru, sannan ta ce a makaranta ana ajiye biskit a ɗakin malamai ba ta taɓawa, kuma azumin Ramadan bai taɓa ba ta wahala ba. Da aka dawo kan amsarta ta Oktoba, ta yi bayani biyu. Na farko, da aka ce "shiri" ita "so" ta ji, kuma tana so ɗin da gaske. Maganar farawa cikin kwana 30 kuwa ba ta fi abin da kowa ke faɗa ba, don a Iran mako daga Asabar yake farawa, kuma "daga Asabar zan fara" magana ce da ke bakin duk mai ƙiba. Na biyu, jami'ar abinci ta karɓe ta da fara'a, mijinta ya bar aikinsa ya rako ta, ba za ta iya kallon idonsu ta ce huɗu ba.

## Maris zuwa Afrilu 2024: azumi da Nowruz

A shekarar, azumi ya kama ranar 12 ga Maris a Iran, Nowruz, sabuwar shekararsu, ta faɗo ranar 20 ga wata a tsakiyarsa. Hutun Nowruz kwana 13 ne na ziyarar dangi gida-gida, kowane gida da tirensa na kayan zaƙi. A wannan shekarar ziyarar ta koma bayan buɗa baki, ta haɗu da zulbiya da bamiye, soyayyun kayan zaƙin da ake jiƙawa da ruwan suga.

Masaniyar da jami'ar abinci suka zauna tare da ita suka ajiye maganar ramewa gaba ɗaya na mako shida. Buri ɗaya aka sa: a fito daga sallah nauyi bai ƙaru ba. Aikin duka ya koma kan gidan nan mai maki 7.

Sun yi gwaji a ofis, masaniyar tana zama suruka. Ta miƙo faranti, matar ta ƙi, ta sake miƙowa, har sau huɗu. A zaman farko dariya ta kama matar, ta karɓa a karo na biyu, ko da yake farantin babu komai. Daga nan suka tsara abin da za ta iya yi ba tare da ta ci fuskar kowa ba. Ta riga kowa zuba wa kanta, kaɗan, ta ci a hankali don kada farantinta ya zama fanko a cika mata. Ta yaba girkin da kalmar godiyar da suke yi wa mai dafa abinci, wadda ke nufin kada hannunki ya yi ciwo. Ta karɓi ƙanzon, ta ce za ta tafi da shi gida saboda yara. In an nace, ta jingina abin ga likita da sugan jininta, don ba a jayayya da maganar likita a kan sufra. Aka kira mijin shi ma, aka roƙe shi abu ɗaya: ya samu mahaifiyarsa su biyu, kafin Juma'a, ya gaya mata sakamakon gwajin jinin.

Wannan na ƙarshe ya yi tasirin da ba a zata ba. Mijin tsohuwar da ciwon suga ya rasu. Daga wannan mako tsohuwar ce ke ture tiren zulbiya daga gaban matar ɗanta.

Abu biyu aka gwada a wannan lokaci ba su yi ba. Manhajar lissafin kalori da aka sa mata a waya ta daina buɗe ta cikin mako na biyu, ta ce tana tuna mata da rejim. Shawarar ta riƙa rubuta abin da ke ranta in ta ji ɓacin rai da dare, maimakon ta buɗe firji, ita ma ba ta ɗore ba.

An yi sallah ranar 10 ga Afrilu. Bayan mako guda nauyinta kilo 87. Gidan matsin mutane ya tashi daga 7 zuwa 15. "Zan iya" ya tashi daga uku zuwa biyar.

## Mayu zuwa Satumba 2024: canji ɗaya bayan ɗaya

Ba a dawo da takardar kalori 1,300 ba. An koma tambayar matakai biyar ɗin nan, amma a kan kowace ɗabi'a daban. Sai ga shi a kan sugan shayi a shirye take ta fara gobe, a kan rage shinkafar dare tana tunani, a kan tafiya a ƙafa tana so amma tana tsoron gwiwa, a kan cin dare cikin ɓacin rai kuwa ba ta ma son a taɓo maganar.

Aka bi su a haka. Tana shan shayi kofi shida zuwa bakwai a rana, kowanne da pulaki biyu ko uku. Ta koma dabino ɗaya a kofi biyu, sauran haka nan. A Yuni ta rage shinkafar dare ta ƙara ganye da yogot, tukunya ɗaya ga kowa a gidan. Likitan gashin ƙashi ya koya mata motsa gwiwa, ta fara tafiya da ƙanwar mijinta bayan faɗuwar rana saboda zafi, minti 15 da farko, har ta kai minti 30 kwana biyar a mako. An ɗauko wannan adadi ne daga babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, inda burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari.

A Yuli watan Muharram ya shigo, lokacin da ake rabon abincin alwashi da ake kira nazri, galibi shinkafa da miyar gheime, wanda mutane ke ɗauka a matsayin tabarruki. Ba a ce ta ƙi karɓa ba. Takan raba kwano ɗaya da 'yarta. A wannan watan sikeli bai motsa ba, ta kuma zo ranar awo duk da haka.

## Oktoba 2024: bayan shekara

Nauyinta kilo 81, wato ta rage shida, kusan kashi 7 cikin ɗari. BMI 31.6. Ƙugu santimita 97. Sugan jini 101, HbA1c 5.7. Gwiwa ta yi sauƙi har tana hawa bene a makaranta ba ta dafa bango. Har yanzu tana cikin rukunin masu ƙiba, har yanzu suganta a bakin iyaka yake. A takardar WEL gidan matsin mutane ya kai 24. Na ɓacin rai 16 kawai.

## Hukunci

A ganina awon Oktoba 2023 bai yi ƙarya ba, amma abin da ya auna daban da abin da aka rubuta a kati. Ya auna muradinta da ladabinta, aka karanta su a matsayin shiri. Tambaya mai amsa ɗaya da kowa ya san ita ake so, a bakin ma'aikaciyar asibiti, a gaban miji, cikin al'ummar da ke ɗaukar ɓata wa mai kyautata maka rai babban abu, sakamakonta sananne ne tun kafin a yi ta. Babu fassara, komai kyanta, da za ta gyara wannan, don gwajin da ake yi wa takarda a jami'a yana tabbatar da jimlolinta ne, ba ya tabbatar da ɗakin da za a karanta su.

Akwai kuma rauni a cikin dabarar kanta. Shan taba ɗabi'a ɗaya ce, ko ana sha ko an daina. Rage ƙiba tarin ɗabi'u ne, kuma matar nan tana matakai huɗu daban a rana ɗaya. Bitar da Cochrane, cibiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantance shi, ta fitar a 2014 ba ta sami hujja mai ƙarfi ba cewa shirya taimako bisa matakan nan yana kawo ramewa mai ɗorewa. Saboda haka ban yarda a mai da makin shiri ƙofa ba, wadda mai tara zai shige, mai uku a ce ya je ya dawo. Da an yi haka a Fabrairu, da an sallame ta a daidai ranar da ta fara faɗar gaskiyar halinta.

Amfanin awo na biyu shi ne ya nuna wuri. Jimlar 91 ba ta gaya wa kowa komai ba, lambar 7 ce ta kai su kan sufrar Juma'a. Amma ba zan jingina kilo shidan ga takarda ba. Mutum ɗaya ce, ba a kwatanta ta da kowa ba, kuma tsoron da ya kama surukarta da jin maganar suga, da samun abokiyar tafiya, na iya zama su suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin. Tashin maki daga 7 zuwa 24 ma yana iya zama sakamakon nasarar, ba sanadinta ba.

Abin da ya fi damuna gidan ɓacin rai ne. An gan shi tun Fabrairu da maki 12, ga damuwa mara tsanani a gefensa, aka gwada dabara ɗaya ta faɗi, aka bar shi wata shida saboda gidan matsin mutane yana tafiya. Cin dare bayan rigima a gida ko rana mai nauyi a aji bai daina ba, kuma mai dogaro da abinci don kwantar da rai yana cikin haɗarin nauyi ya dawo masa. A zaman Oktoba ne ta fara yarda a taɓo maganar. An sa mata zama da masaniyar duk mako, an kuma tsayar da awo na gaba a farkon Disamba.